Ranar Da Na Yi Wa 'Yan Tsakin Inna Gata

Ni dai fitila nake sayarwa, amma kada wani ya kuskura ya haɗa ni da masu kananzir. Tawa ta caji ce. Shagona yana layi na uku idan ka shiga kasuwa ta ƙofar masu robobi, kuma ko da rana tsaka ka wuce sai ka kare ido, domin guda ashirin nake kunnawa a lokaci ɗaya don jama'a su gani. Akwai mai sola a bayanta, akwai mai rediyo, akwai mai 'yar fanka, akwai wadda idan ka tafa hannu sai ta kama da kanta. 'Yan kasuwa suna kirana Mai Haske, ni kuwa ban taɓa cewa su daina ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai shekara da shekaru, shi ne mahaifiyata. Gida ɗaya muke, ita tana sashen baya. Duk sabuwar fitilar da ta shigo, Inna nake fara kai wa. Sai ta karɓa da hannu biyu, ta sa mini albarka, ta kunna, ta kashe, ta ce, "Kai, mutane ba su zauna ba." Tana amfani da su kuwa, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma tsofaffin fitilunta na ƙwai guda huɗu suna nan daram. Ta wanke ƙwan gilashin, ta goge, ta datse lagwani da almakashi, ta aika a sayo mata kananzir. Uwar Mai Haske fa! Abin yana sosa mini rai ba kaɗan ba.

Shekara uku ke nan da Inna ta fara kiwon kaji a tsohon ɗakin ajiya. Ana kawo mata 'yan tsaki kwana ɗaya da ƙyanƙyashewa, ta raine su har su girma. Ni ko leƙa ɗakin ba na yi, saboda hancina ba ya son wahala.

To, ranar wata Asabar cikin damina aka kawo mata sababbi ɗari da hamsin. Ranar Litinin da sassafe sai ga waya, ƙanwata da ke aure a wani gari ta haihu. Inna ta rasa inda za ta sa kanta don murna, ta ɗaura wannan zani ta kwance, ta ɗauki jaka ta ajiye. Matata malamar makaranta ce, ta riga ta fita. Saura ni. Inna ta dube ni sama da ƙasa, kamar mai zaɓen abin da ya rage a faifai, ta ce, "Zo."

Ta kai ni ɗakin. An toshe tagogi da buhuna, ciki duhu dulum. Ƙasa an shimfiɗa garin katako, ga fitilun nan huɗu kowace a kan bulo, 'yan tsaki sun kewaye su kamar an yayyafa auduga.

"Kwana ɗaya zan yi," in ji ta. "Ga abincinsu, ga ruwa. Fitilun nan kuma, dare da rana, kada ka bari ko ɗaya ta mutu. Kana jina?"

"An gama, Inna."

"Ajiye wayar nan ka dube ni. Me na ce?"

"Kada fitila ta mutu. Haba Inna, ni za a koya wa fitila?"

Ta buɗe baki za ta ƙara wata magana, mai mota ya danna ham a waje. Ta tafi tana waiwaye.

Na dawo na tsaya a bakin ƙofa ina kallon bayin Allahn nan, tausayi ya kama ni. Dubi yadda suke cunkushewa a gindin fitila, na ce a raina, hasken bai ishe su ba. Ɗaki duhu, su laluba abinci, su laluba ruwa, ga warin kananzir a ƙananan huhunsu, ga garin katako busasshe yana jiran fitila ɗaya ta faɗi. Wannan ai zalunci ne. Nan take wata dabara ta faɗo mini, har sai da na yi wa kaina kirari a hankali.

Na shiga ɗakina na kwaso manyan fitilu huɗu, irin waɗanda nake cewa masu saye ko allura ta faɗi a bayan gida za su gani daga falo. Na hure na Inna ɗaya bayan ɗaya, na ɗora nawa a kan bulo, na danna. Ɗaki ya yi fari fat kamar asibiti. 'Yan tsaki suka watse, suna ɗaga kai suna kallon sama.

"Yawwa," na ce musu. "Kun ga duniya yanzu ko? Ba sai kun gode ba."

Har hoto na ɗauka, don in nuna wa Inna idan ta dawo. Na ayyana yadda za ta riƙe baki, ta ce ashe haka abin yake, ta sa mini albarka a gaban matata.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma ni idan dabara ta zo mini, ba ta zuwa ita kaɗai. Na ɗaure fitilun Inna a bayan babur na tafi da su kasuwa. Na juye kananzir ɗin na ba wani makanike ya wanke kayan aiki, na zare lagwanin duka huɗu na jefa a kwata. Na rataye su a gaban shago, na samo kwali na rubuta JIYA da manyan baƙaƙe. A ɗaya gefen na jera nawa, na rubuta YAU. Wallahi ya yi kyau. Mutane suna tsayawa suna dariya, wata mata ta ce rabonta da ganin irinsu tun tana 'yar firamare.

Daura da shagona akwai wani tsoho mai ɗan tebur. Lagwani yake sayarwa, da ƙwan fitila, da ashana, da allura, da jarkar kananzir a ƙarƙashin tebur. Baba Mai Lagwani ake ce masa. Shekara bakwai muna fuskantar juna, kullum sai na tsokane shi, shi kuwa ko a jikinsa.

"Baba!" na ɗaga murya don layi ya ji. "Ga 'yan uwanka na kawo maka, ku gaisa."

Ya ɗago kai ya dube su da kyau. "Waɗannan ana kula da su," ya ce. "Na wace ce?"

"Na tsohuwata. Yau na yi musu ritaya."

"Ita ta ce ka yi?"

"Za ta ce."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da naɗe zarensa.

Wajen azahar hadari ya haɗo, iska ta taso mai sanyi, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Aka ɗauke wuta, kasuwa ta yi duhu, shagona kaɗai ke walƙiya. Irin ranar da nake so ke nan. Ina cikin nuna wa wani mutum fitilar tafi, ina tafawa tana kamawa, sai wayata ta yi ƙara. Matata ce.

"Baban yara, me ka yi wa kajin Inna?"

"Gata," na ce. "Kin gani ko? Faɗi gaskiya, ba ki taɓa ganin ɗakin nan da kyau haka ba."

"Zo ka ga gatan."

"Ina da mai saye."

"Ka bar shi. Ka zo yanzu, kada ka tsaya ɗaure takalmi."

Ni na san muryar matata. Akwai wadda take yi wa 'yan aji, akwai wadda take yi mini, wannan kuwa ban taɓa jin ta ba. Na ja ƙofar shago, na hau babur cikin ruwan.

Tun daga zaure na jiyo kukan, wani siririn tsiyau-tsiyau mai shiga kunne, ba ƙaƙƙautawa. Na tura ƙofa. Ɗaki yana nan fari fat, fitiluna huɗu suna ta aikinsu ba wanda ya kula da su. 'Yan tsaki kuwa duk sun tattaru a kusurwa ɗaya, sun hau kan juna sun yi tsibi, na sama suna tattake na ƙasa, kowa yana neman ya kutsa ciki. Matata tana durƙushe da kayan makarantarta tana rarraba su da hannu, tana raba su suna komawa.

"Me ya same su?" na ce. "Hasken ne ya yi yawa? Akwai inda ake ragewa."

Ta kamo hannuna ta ɗora a kan fitilata mafi girma. Sanyi ƙalau. Abin da nake tallata ta da shi ke nan kullum, cewa ko yini ta yi a kunne ba ta zafi, yaro ma zai iya runguma.

"Ɗumi suke nema," in ji ta. "Ba su da uwa, fitilar ce uwarsu. Kai ka zaci karatu suke yi da ita?"

Na janye hannuna daga kan fitilar.

"Ina fitilun Inna?" ta ce.

"Suna... kasuwa."

"Me suke yi a kasuwa?"

"Talla."

Ta rufe ido, ta yi salati a hankali, ta buɗe. Daga nan gida ya rikice. Ta ɗora ruwa a wuta, muka cika robobin ruwa uku da muka samu, muka naɗe da tsumma muka jera. Uku ina za su kai ɗari da hamsin? Na ruga in hura gawayi, na tarar buhun na tsakar gida ya sha ruwa. Na jona dutsen guga, na tsaya ina jira, sai da ta tuna mini ba wuta. Na kwanta a kan garin katako ina hura musu iska da baki. Ta tsinto waɗanda suka fi galabaita, ta zuba wasu a cikin mayafinta, ta ɗaga rigata ta cusa mini sauran a cikin singileti, ta tsuke bakin da bel.

"Tashi," ta ce. "Wannan ba zai yi ba. Je ka ɗauko fitilun."

"Babu lagwani."

"Ina lagwanin?"

"Kwata."

"Kananzir fa?"

"Na ba makanike."

"Baban yara, idan Inna ta dawo ta tarar da ɗakin nan shiru, ni gidanmu zan tafi in bar ka da ita. Tashi!"

Ban san yadda na isa kasuwa ba. Na dai san na jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya ya tafi da ruwa a wajen mahaɗa, kuma duk ramin da na faɗa sai in ji wani abu yana yi mini cakulkuli a ciki. Na fizgo fitilun daga ƙusa, kwalin JIYA ya faɗo mini a ka. Sannan na juya na fuskanci teburin da na shekara bakwai ina yi wa dariya.

Masu fakewa daga ruwa sun cika rumfar. Baba Mai Lagwani yana zaune a tsakiya, ya kunna 'yar fitilarsa yana ɗumama hannu.

"Baba, barka da ruwa."

"Barka kadai, Mai Haske. Yau da gaisuwa?"

"Lagwani nake so. Huɗu. Da kananzir."

Rumfa ta yi tsit. A cikin shirun nan sai ƙirjina ya ce, tsiyau. Wani ya amsa daga wajen cibiya, tsiyau, tsiyau. Na manta sam da su. Baba ya karkata kunne, ya dubi rigata tana motsi.

"Sabuwar shigowa ce?" ya ce. "Har kuka take yi?"

Jama'a suka kwashe da dariya. Wani tela ya riƙe ginshiƙi don kada ya faɗi. Ɗan tsako guda ya leƙo ta wuyan rigata, ya dubi mutane, ya koma.

"Baba, don Allah," na ce. "Na tsohuwata ne. Suna mutuwa."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Kwanansu nawa?"

"Uku."

"Tun yaushe ba ɗumi?"

"Tun safe."

Ban taɓa sanin tsohon nan yana da sauri ba. Kafin in gyara tsayuwa ya yanko lagwani huɗu, ya zura, ya daidaita, ya cika tankunan da mazurari ko ɗigo bai zube ba. Ya rufe teburinsa da leda, ya ɗauki ashana ya sa a cikin hula, ya mayar da hular kansa.

"Mu je. Idan na bar ka kai kaɗai, hayaƙi za ka turnuƙe su da shi."

Haka muka ratsa gari. Ni a gaba, ƙafa ɗaya ba takalmi, ciki yana kuka. Baba a baya, fitila biyu a kowane hannu ya buɗe su kamar zai tashi sama, yana yi mini ihu a kunne, "A hankali, ƙwan! Rami! Kai, wa ya ba ka babur?" Masu shaguna suna leƙowa suna nuna mu. Na ji wani ya ƙwala, "Mai Haske ya tuba!" Ban ko waiwaya ba.

A ɗakin, Baba ya durƙusa ya ɗaga ƙwan fitila, ya ƙyasta ashana. Harshen wutar ya tashi ja yana hayaƙi, ya murɗa shi ƙasa a hankali har ya zauna lafiya, ya daina baƙi. Ya sa ni na yi na biyu da hannuna, ya buge mini yatsa sau biyu. Muka ɗora su a kan bulo, muka kewaye da kwali don ɗumin ya taru. Zan kwashe nawa in fitar da su don kunya, ya ce in bar ɗaya a rataye.

"Taka ma tana da aiki," ya ce. "Da ita za ku ga wanda bai tashi ba."

Muka zauna mu uku a ƙasa muna jira. Da farko ba abin da ya canza. Can sai guda ɗaya ya zame daga tsibin, ya tako yana tangaɗi, ya tsaya a gindin fitila, ya lumshe ido. Wani ya biyo shi. Sai biyar, sai goma. Kukan ya fara sauka, ya koma wani ɗan ƙus-ƙus mai daɗin ji. Matata ta kwance mayafi ta sauke nata. Na kwance bel, guda bakwai suka gangaro daga rigata, sun bar mini tsaraba a singileti, suka ruga da gudu kamar ba su san ni ba. Matata ta dube ni, gashi duk garin katako, ta fara dariya, ta kasa tsayawa, Baba ya kama, ni ma na kama, muna yi muna share hawaye.

Da tsibin ya watse gaba ɗaya, sai muka ga na ƙasa. Guda tara ba su tashi ba. Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ba su da nauyin komai. Na ji baƙin ciki irin wanda na daɗe ban ji ba. Da safe suna zaune lafiya, ba su roƙe ni komai ba.

Washegari ban buɗe shago ba. Na yini ina duba lagwani, ina kuma shirya abin da zan faɗa. Na gwada wa matata cewa ɓera ne, ta ce ɓera ba ya cin tara ya bar ɗaki tsaf. Na ce to sanyin damina. Ta ce wannan gaskiya ne, saura in faɗi wanda ya buɗe wa sanyin ƙofa.

Da la'asar Inna ta dawo. Ko jakarta ba ta ajiye ba, ko labarin jariri ba ta ba mu ba, ta wuce ɗakin kaji muna biye. Ta tsaya a bakin ƙofa ta saurara. Ta dubi fitilata da ke rataye. Ta durƙusa gaban ɗaya daga cikin nata, ta ƙura wa harshen wutar ido.

"Wannan ba yankan almakashina ba ne," ta ce.

Duk abin da na shirya ya gudu. Na faɗa mata komai, har kwalin, har kwatar, har taran da na binne a bayan gida. Na ce ta yafe mini. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa, wallahi da ta yi da na fi jin daɗi.

Ta miƙa tafin hannu kusa da gilashin tana jin ɗumin, wani ɗan tsako yana tsattsagar zobenta.

"Biyu daga cikin nan sun girme ka," ta ce. "Wata bakwai na haife ka, cikin ruwa irin na jiya. Ba ka fi tafin hannun babanka ba, ko kukan kirki ba ka iya. Ungozoma ta ce kada in sa rai. Na sa ka a kwali, na kafa maka ɗaya a dama ɗaya a hagu, ina tashi ina duba lagwani har ka yi nama."

Matata ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba. Ni dai na tsaya da girmana, na kasa ɗaga ido.

"Ban sani ba, Inna."

"Ba ka taɓa tambaya ba," ta ce. "Kullum kai ne mai bayani."

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta nuna ta kusa da ƙofa da haɓa.

"Waccan ta fara hayaƙi. Rage ta."

Na durƙusa na rage.